Kafin a Yanka Ragon Suna, a Kai Jaririn Nan Asibiti

Da zarar an ji kukan jariri daga ɗaki, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Me aka samu?" Ungozoma ta leƙo ta ce mace, ko ta ce namiji, a rangaɗa guɗa, a tura yara su kai labari dangi. Amma akwai haihuwar da ungozoma ke dubawa ta sake dubawa, ta ja kakar jariri gefe su yi ƙus-ƙus, sannan a naɗe shi cikin zane a ce wa jama'a an samu ƙaruwa, a tsaya nan. Al'aurarsa ba ta fito sak ta namiji ba, ba ta kuma fito sak ta mace ba. Daga ranar gidan ya shiga ɓoyo. A hana 'yan barka ɗaukarsa, kaka ita kaɗai ke yi masa wanka a bayan ƙofa, a yi ta shawarar sunan da za a raɗa masa da abin da za a faɗa wa dangin uba.

Ina roƙon duk wanda maganar nan ta isa kunnensa ya riƙe ta da kyau. A cikin irin waɗannan jarirai akwai waɗanda ke bakin mutuwa kafin su cika mako uku a duniya, kuma abin da ke kashe su ba a al'aurar yake ba, a cikin jini yake. Kwanakin da gida ke ɓatawa wajen rufa asiri su ne dai kwanakin da likita yake bukata ya ceto ran. Maganar ko mace ce ko namiji za ta iya jira. Gishirin da ke zuba daga jikin jaririn ba ya jiran kowa.

Abin bai kai ƙarancin da ake zato ba. Ƙiyasin likitoci shi ne a cikin haihuwa 4,500 zuwa 5,500 akan sami jariri ɗaya da ba a iya tantance jinsinsa da ido. Najeriya kaɗai tana samun haihuwa wajen miliyan 7 a shekara, ke nan ana maganar jarirai fiye da dubu, ban da na Nijar da sauran maƙwabta. Ba ma jin labarinsu ne saboda kowane gida yana ganin shi kaɗai aka jarraba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a arewa maso yamma kuwa abin ya yi ƙasa da haka nesa. Idon farko da ke ganin jaririn, a mafi yawan gidajenmu, idon ungozoma ne da na kaka. Ku nake wa magana kafin kowa, iyayenmu mata.

Yadda abin ke faruwa ba sihiri ba ne. A makonni shida na farkon ciki, ɗan tayi namiji da mace fasalinsu ɗaya ne. Tsokar da za ta zama 'ya'yan maraina ita ce dai za ta iya zama ma'ajiyar ƙwan mace. Daga mako na bakwai hanya ke rabuwa. Akwai wani ɗan umarni a kan ƙwayar gado ta Y, wanda masana suka gano a 1990 suka kira shi SRY. In yana nan, maraina su ginu, su soma fitar da sinadaran da ke miƙar da mazakuta, su haɗe fatar ƙasa ta zama jaka, su kuma hana mahaifa tsirowa. In babu shi, jiki ya bi hanyar mace. Kafin ciki ya wuce wata uku an kusa gama fasalin waje. A kowane mataki aikin yana iya cijewa: ko sinadarin ya gaza, ko ya yi yawa inda ba a nemansa, ko yana nan amma jiki bai amsa kiransa ba. Wata uwar ma ba ta gama tabbatar da tana da ciki ba duk wannan ya wakana. Ba wani abu ta tsallaka ba, ba fitar dare ba ce, ba hannun kishiya ba ne. A daina ɗora wa mai jego laifin da ba ta san hawansa ba balle saukarsa.

Sanadin da ya fi yawa ga jarirai mata, wanda kuma shi ne mai kisa, ba ma daga al'aura yake tasowa ba. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal. Aikinta sarrafa sinadarai uku. Na farko kotisol, mai riƙe sukarin jini da ƙarfin gudun jini idan jiki ya shiga wuya. Na biyu aldositeron, mai sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta fitar da fotasiyam. Na uku ɗan sinadarin maza kaɗan, wanda mace ma tana da shi. Ana haihuwar wasu jarirai da toshewar mataki ɗaya a hanyar sarrafa na farko da na biyu. A fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar, abin da ya gaza shi ne wanda likitoci ke kira 21-haidiroksiles. Mai noman rani ya san abin da ke faruwa idan hanyar ruwa biyu ta toshe a lambu: ruwan ba ya tsayawa, sai ya malale duka ta hanyar da ta saura, fangali ɗaya ya cika har ya ɓaci, sauran su bushe. Haka tsokar nan ke yi. Ta kumbura, ta yi ta aiki, duk abin da ta sarrafa ya tafi ga sinadarin maza. Likitoci suna taƙaita sunan cutar da CAH, kuma nau'inta mai tsanani yana samun kusan jariri ɗaya a cikin 15,000 a duniya.

Idan ɗan tayin mace ce, wannan sinadari mai yawa yana sa ɗan-tsakanta ya girma har ya yi kama da mazakuta, fatar gabanta ta haɗe ta yi kama da jakar maraina. Amma jakar wofi ce, babu komai a ciki. Can ciki kuwa mahaifarta da ma'ajiyar ƙwanta suna nan lafiya lau. 'Ya mace ce cikakkiya, wadda in ta samu magani za ta iya girma, ta yi al'ada, ta yi aure, ta haihu.

Ga inda haɗarin yake. Kusan uku cikin kowane huɗu na masu nau'in nan mai tsanani ba sa iya riƙe gishiri. Muddin jariri yana ciki, jikin uwa da mabiyiya ne ke daidaita masa komai, don haka yakan faɗo da ƙibarsa da kukansa, ya kama nono, kowa ya ce Masha Allahu. Kwana biyu, uku, huɗu, babu alamar komai. Amma kowane fitsari da ya yi yana tafiya da gishiri da ruwa, fotasiyam kuma yana taruwa a jini. Galibi tsakanin ƙarshen makon farko da mako na uku abin ke fashewa. Ku duba kwanakin nan da kyau: ranar suna ce da kwanakin da ke biye da ita. Lokacin da gida ya cika da baƙi, ana daka, ana suyar nama, mai jego ta gaji da wanka da gaisuwa, lokacin ne jaririn ke soma sulalewa.

Yakan fara da rage shan nono. Ya kama ya saki, ya yi ta barcin da ba na ƙoshi ba. Sai amai, wanda za a ce tumbuɗi ne, duk jarirai suna yi. Tumbuɗi ɗan guntun nono ne da ke dawowa bayan an ƙoshi, jaririn kuma yana nan da kuzarinsa. Wannan amai ne na wanda ke ramewa. Jariri lafiyayye yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma kafin ya cika mako biyu ya mayar da shi. Wannan kullum baya yake yi. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, leɓe ya bushe, kuka ya zama siriri, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi. Idan sukarin jini ya sauka yana iya jijjiga. Idan fotasiyam ya hau ya wuce iyaka, bugun zuciya ya rikice, zuciyar ta tsaya. Tsakanin jaririn da ake cewa "yau dai ba ya jin daɗi" da jaririn da aka ɗauka ranga-ranga, wani lokaci yini ɗaya ne.

A irin wannan hali kada a tsaya shafa wani abu a maɗiga, kada a ɗura masa dauri ko jiƙo, kada a tafi kemis neman maganin amai. Kada kuma wani ya ji na ce gishiri ne ke zuba ya jiƙa gishiri ya ɗura wa jariri. Wannan ma hanyar kisa ce. Ruwan gishiri da sukari da muka sani na gudawa ba zai rufe ramin nan ba, domin ƙodar ba ta riƙewa, cikin kuma yana mayarwa. Abin da ke ceton sa ƙarin ruwa ne ta jijiya, da sukari, da allurar haidirokotison, a hannun masu aikin asibiti. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'ya'ya maza. Cutar tana kama mace da namiji daidai wa daida, amma namiji ba ya zuwa da alamar da za ta tsayar da ungozoma. Al'aurarsa ta namiji ce, sai dai wataƙila jakar maraina da kan nono su yi duhu fiye da sauran jiki, abin da ba kowa zai lura da shi a fatar baƙin mutum ba. A ƙasashen da ba a gwada jinin kowane jariri, likitoci sun daɗe da lura cewa 'yan matan da ake ganowa sun fi yara maza yawa. Mazan ba tsira suka yi ba. Sun rasu ne a mako na biyu ko na uku, aka ce amai ne, ko zazzaɓi, ko kwana ya ƙare, aka binne su ba tare da kowa ya san sunan abin da ya ɗauke su ba. Tun 1977 aka samo hanyar gano cutar da ɗigon jini daga dundunniyar jariri a kan 'yar takarda, kuma ƙasashe da dama a Turai da Amurka da Asiya suna yi wa kowane jariri. A asibitocinmu ba a yi wa kowa wannan gwajin. Idonmu shi ne abin da muke da shi, don haka dole ya buɗe.

Saboda haka ga jariran da bai kamata su kwana a gida ba tare da likita ya gan su ba. Wanda al'aurarsa ta rikitar da mai dubawa, ko yaya rikitarwar take. Wanda aka ce namiji ne amma an lalubi jakar ba a ji ƙwaya ko ɗaya ba. Irin wannan, a ka'idar likitocin yara, ana ɗaukarsa mace mai CAH har sai gwaji ya nuna ba haka ba. Namijin da ƙofar fitsarinsa ta buɗe a ƙarƙashin mazakuta maimakon a kai, musamman in ƙwaya ɗaya ko duka biyu ba su sauko ba, ko mazakutar ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Macen da ɗan-tsakanta ya yi girma, ko gabanta ya haɗe, ko ake jin wani ƙullutu a gefen mararta ko cikin leɓen gabanta, domin wani lokaci ƙullutun nan ƙwayar maraina ce. Sai kuma kowane jariri, ko al'aurarsa lafiya, da ya shiga mako na biyu yana amai yana ramewa.

A nufi babban asibiti, inda akwai likitocin yara da ɗakin gwajin jini. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, cibiyoyin lafiya na tarayya da ke jihohi, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi. In ƙaramin asibiti ne kusa, a fara da shi, a nemi takardar turawa gaba a ranar. Za a auna gishiri da fotasiyam da sukarin jini. Za a ɗauki hoton ciki a ga ko akwai mahaifa. Akwai gwajin wani sinadari mai suna 17-OHP da ke hawa sosai ga mai cutar, wanda ya fi inganci bayan jariri ya wuce kwana biyu. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin gado, mai nuna XX ne ko XY ko gauraye, wanda sau da yawa sai an aika da jinin wani gari, a jira makonni. Ku riƙe wannan musamman: gwajin gishiri na kwana ɗaya ko biyu yakan fito lafiya ko da cutar tana nan, domin zubar ba ta yi nisa ba tukuna. Sai an yi ta maimaitawa har jariri ya wuce makonnin haɗari. Wanda aka sallame shi a kwana na biyu da cewa jini lafiya, bai tsallake ba.

Maganin kuwa ba sabo ba ne. A 1950 likitan yara Lawson Wilkins, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya nuna cewa kotison yana kwantar da tsokar adirinal ta daina ambaliyar sinadarin maza. Yau ƙwayoyi biyu ne ginshiƙi, haidirokotison da fuludirokotison, da ɗan gishirin da likita zai auna wa jariri a shekararsa ta farko. Duka biyun suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin kunya ne a ce uba ya zagaye gari yana neman na biyun bai samu ba, kuma hakan na faruwa. Hukumomin lafiya na jihohi su sani cewa 'yar ƙwayar nan ita ce tsakanin yaro da kabari.

Yanzu ga ɗaya gefen. Yadda nake roƙon a gaggauta zuwa asibiti, haka nake roƙon a janye hannu daga aska. Ranar suna wanzami na zuwa, ya yi aski, a wasu gidajen ya cire belu, a wasu a ce ya duba 'ya mace ko tana da angurya ya yanke. Jaririyar da ɗan-tsakanta ya girma ita ce ta farko da za a miƙa masa a ce a rage. Wannan tsoka cike take da jijiyoyin jini da na ji, kuma ƙofar fitsari tana iya kasancewa a gindinta. Yanka ta na iya jawo zubar jinin da ba za a iya tsayarwa ba, ga jaririyar da jikinta ba ya iya fitar da sinadarin jure wuya. Dokar Najeriya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane ta haramta kaciyar mata, Nijar ma ta haramta tun 2003, amma ba tsoron doka nake so ya hana ku ba. Abin da aka yanke ba ya dawowa. Haka kaciyar namiji. Da can sai yaro ya kai shekara bakwai ko fiye ake shiga da shi, da sanyin hunturu. Yanzu ana yi tun cikin jego. Yaron da ƙofar fitsarinsa take a ƙasa, loɓarsa ita ce fatar da likitan tiyata zai yi amfani da ita ya gyara masa hanya. Wanda ya yanke ta ya zubar, ya zubar da kayan gyara. Wanzamai masu mutunci, in kun buɗe kun ga abin da ba ku saba gani ba, ku mayar da aska kube, ku ce a tafi asibiti. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba wanzami kaɗai ke da aska ba. Likitocin Turai da Amurka sun shafe shekaru suna bin wata fahimta da ta yi ƙarfi daga shekarun 1950, wadda masanin halayyar ɗan Adam John Money ya yaɗa: wai in aka yi wa jariri tiyata da wuri, aka rene shi a jinsin da aka zaɓa, aka ɓoye masa labarin, zai tashi a haka ba tare da damuwa ba. Babbar hujjar da aka riƙa kafawa ita ce labarin wani yaro ɗan Kanada, David Reimer, wanda aka haifa a 1965 lafiyayyen namiji, aka ƙone masa mazakuta wajen kaciya yana jariri, aka shawarci iyayensa su mayar da shi mace. An yi ta rubuta cewa abin ya yi nasara. Ashe yaron bai taɓa karɓar zama mace ba. Da ya ji gaskiya yana matashi ya koma namiji, daga baya ya fito ya ba da labarinsa, a 2004 kuma ya kashe kansa. A 2005 masana suka taru a Chicago suka sake shimfiɗa ka'ida: kada a yanke jinsi sai an gama bincike, hukuncin ya fito daga ƙungiyar ƙwararru tare da iyaye, kuma a daina ɓoye wa iyali da yaron gaskiya. Malta a 2015 da Jamus a 2021 sun yi dokokin da ke taƙaita tiyatar da ba ta dole ba ga irin waɗannan yara. Har yanzu likitoci suna jayayya kan lokacin da ya dace a yi wa 'ya mace mai CAH gyara. Ra'ayina shi ne, tiyatar da za ta buɗe hanyar fitsari ko ta kawar da haɗari ga rai a yi ta a lokacinta, amma wadda manufarta kawai ido ya huta da gani, a yi mata dogon nazari, kuma kada a yi ta don matsin dangi.

Dalilin haƙurin shi ne ido yana ruɗi ta kowane ɓangare. A 1974 likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana wasu iyalai a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ake haihuwar yara da siffar mata, a rene su a mata, da sun balaga sai murya ta buɗe, jiki ya murɗe, mazakuta ta girma. Maza ne masu maraina a ciki, waɗanda sinadarin da ke gina al'aurar waje ya gaza musu tun a ciki. Fiye da rabin masu irin wannan da aka rena a mata sukan koma rayuwar maza bayan balaga. Da an cire musu maraina suna jarirai don a "tabbatar da su mata", da an yi musu ɓarnar da ba ta gyaruwa. Akwai kuma masu XY da jikinsu sam ba ya amsa sinadarin maza. Waɗannan sukan tashi mata, su zauna mata, ba a ma ganewa sai al'ada ta ƙi zuwa. A namu ɓangaren kuskuren da na fi tsoro shi ne son ɗa namiji. A ga abin da ya yi kama da mazakuta, uba ya riga ya faɗa wa abokai a masallaci, a raɗa sunan namiji. In yarinya ce mai CAH, kuma tana cikin waɗanda ba sa zubar da gishiri, za ta rayu, ta yi saurin tsawo, gashin gaba ya fito mata tana 'yar shekara uku ko huɗu, ƙasusuwanta su rufe da wuri ta ƙare gajera, wata rana kuma "yaron" ya soma ganin jini duk wata. A lokacin an sa shi makarantar maza, yana sahun maza a masallaci, gari duk ya san shi. Gyaran da zai yi sauƙi a mako na biyu ya zama tashin hankalin rayuwa.

Na san abin da zai tsaya wa mutane a rai: to, sunan fa? Kwana bakwai ba ya ƙara. Ku tambayi malamanku, za ku tarar addini ya fi al'adarmu sauƙi a nan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba ɗaya ake yanka wa jariri, mace ne ko namiji, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, don haka ragon bai dogara da sanin jinsi ba. Sauya suna halal ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa sahabbai sunaye. Malaman fiƙihu ba su taɓa ɗaukar mata-maza a matsayin abin ɓoyewa ko la'ana ba. Sun yi masa babi, sun tsara sallarsa da aurensa da gadonsa, har Mukhtasar na Shehu Khalil da almajiran ilimi ke karantawa a zaurukanmu da mas'alarsa ya rufe. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ba da fatawar halaccin yi wa irin wannan mutum magani da tiyata don a fito da jinsin da ya rinjaya a halittarsa. A yi yanka, a yi addu'a, a ce wa 'yan barka jariri ba shi da lafiya yana asibiti, wanda gaskiya ne. Ba kowa ke da haƙƙin sanin sauran ba. Takardar haihuwa ma a dakata da cika ta har sakamako ya fito, domin gyara ta daga baya wahala ce.

Ma'aikatan lafiya, ku ma akwai naku. Kalmar farko da ta fito daga bakin nas ko ungozomar asibiti takan zauna a zuciyar uwa har abada. Kada a yi canke, kada a ce "kamar dai namiji ne" don a kwantar da hankali, kada a tara ɗalibai da masu shara a kan gado. A ce musu: jaririnku ya zo, al'aurarsa ba ta gama bayyana ba, akwai gwajin da zai nuna mana. Wayar hannu kuma ta zauna a aljihu. Hoton tsiraicin jariri da ya shiga WhatsApp ba ya fita, ko da sunan neman taimako aka tura shi, kuma yaron zai girma a garin da aka gan shi. Idan an kawo jariri ɗan mako biyu a galabaice, gishiri ya sauka, fotasiyam ya hau, a tuna da adirinal kafin a tattara komai a kan ƙwayoyin cuta. A ɗebi jinin gwaji, a ba da magani nan take, kada a jira sakamakon da zai zo bayan jana'iza.

Iyayen da aka gano wa ɗansu cutar CAH su san cewa maganin na kullum ne har tsawon rai. Ba a dainawa don yaro ya yi ƙiba ya warware. Ranar da ya yi zazzaɓi, ko gudawa, ko ya karye, ko za a yi masa tiyata, jikinsa na bukatar ƙari, likita zai koya muku yadda ake ninkawa. In yana amai ba ya riƙe ƙwaya, allura ce, a tafi asibiti ko tsakar dare ne. A ƙasar zazzaɓin cizon sauro wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kada a musanya maganin da sha-ka-fashe na kemis don an ce danginsu ɗaya. Ƙarfinsa ya ninka na haidirokotison sau da yawa, yana tsayar da girman yaro. A rubuta sunan cutar da na magungunan a takarda, ta riƙa bin yaron duk inda za shi, har gidan kaka.

Cutar gado ce, irin gadon sikila: sai uwa da uba kowanne yana ɗauke da ita a ɓoye, su kansu lafiyarsu ƙalau. In haka ta kasance, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, amma ba na uwa ba ne ita kaɗai, rabi daga uba yake, kuma sakin mace ko ƙaro wata daga dangin nan bai kawar da komai ba. Akwai matan da ake kira masu wabi, suna haihuwa suna binnewa, har a sa wa na baya Ajuji ko Barmani. Sanadin wabi yana da yawa, ba duka ne wannan ba. Amma matar da ta binne jariri ɗaya ko biyu a cikin watan farko, bayan amai da rama, ko aka taɓa haihuwar mai rikitacciyar al'aura a ɗakinta ko a danginta ko na mijinta, ta faɗa wa likita tun a awon ciki. Ta haihu a babban asibiti, a gwada jinin jaririn bayan kwana biyu, a ci gaba da auna gishirinsa da nauyinsa har ya cika mako uku, ko mace ce ko namiji, ko da ya fito ba shi da wata alama.